An Yi Darasi da Sirrin 'Yata

Shafi na 12

Masu turo mini saƙo cewa na yi shiru da yawa, ku yi haƙuri. Wannan shafin na sha fara shi ina gogewa. Adda ta karanta jiya, ta ce in ɗora shi yadda yake, kada in cire komai.

Ga waɗanda suka shigo yau: Adda 'yata ce ta fari. Malama ce a wata makarantar kuɗi a Jimeta, aka kore ta da baki kawai, ba sanarwa, ba laifi. Zauren Lauyoyin Sa-kai da ke unguwar Alkalawa ne suka karɓi ƙararta, Barista Edna ke riƙe da ita. Ba sa karɓar ko sisi daga talaka. Ni kuma sana'ata gyaran wuta, shi ya sa na ce duk abin lantarki da ya lalace a gidan, nawa ne.

Na bar ku ina kan tsani a babban ɗakin Zauren, ranar Asabar, fanka rabi a hannuna rabi a silin.

Ban san ranar ce suke horar da ƙananan lauyoyi kan dokar ma'aikata ba. Kafin in ankara ɗakin ya cika. Samari da 'yan mata, wasu da kayan bautar ƙasa, kowa na firfita da abin da ya samu.

Na ce bari in sauka, na dawo bayan la'asar.

"A'a Baba, ci gaba da aikinka," in ji mai koyarwar. "Idan fankar nan ba ta tashi ba, zafin Yola zai kore mu kafin mu kai ga korar ma'aikaci."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Sunansa Barista Abednego. Ɗan Numan ne amma a Abuja yake aiki, yakan zo ƙarshen wata ya koyar kyauta. Bai san ni ba, ban san shi ba. Barista Edna ba ta nan, an ce ta fita da safe belin wani direba a ofishin 'yan sanda.

Ya fara da Turanci. Turancina na firamare ne da na kasuwa, amma ina tsinta. Ya ce a da, mai gida zai iya korar ma'aikaci ko da dalili ko babu. Yanzu kuwa kotun ma'aikata takan tambayi dalili, kuma aikin lauya shi ne ya tono dalilin gaskiya daga ƙarƙashin na ƙarya.

Maganar ta yi mini daɗi. Har na ce a raina, Allah ya ƙara wa mutanen nan albarka.

Sai ya juya Hausa.

"Daga nan da Hausa za mu yi, domin masu zuwa wurinku da Hausa za su yi muku kuka. Kuma yau ba labarin ƙirƙira za mu yi ba. Ƙara ce ta gaske, tana gaban kotu. Na canza suna. Mu kira ta Malama Yusrah."

Na ci gaba da murɗa sukurudireba.

"Malama Yusrah tana koyar da aji biyu a wata makarantar kuɗi a Jimeta. An kore ta ana cikin azumi. Makaranta ta ce rage ma'aikata ne, amma kafin sallah sun ɗauki wata a gurbinta."

Hannuna ya tsaya.

"'Yar Mubi ce. Sun zo nan gudun hijira. Mahaifinta mai gyaran wuta ne."

Wani yaro daga baya ya ɗaga kai ya nuna ni da biro.

"Oga, ga ma uban can a sama, a sauko da shi ya ba da shaida."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wasa yake yi, na sani. Ni dai na riƙe ƙarfen fanka da hannu biyu, domin tsanin ya fara rawa a ƙarƙashina.

Na ce a raina, zai tsaya a nan. Dole ya tsaya a nan. Barista Edna ta yi mini alkawari da bakinta cewa sauran maganar, ko a kotu sai ta roƙi alƙali a rufe ƙofa kafin a taɓa ta.

Bai tsaya ba.

"Ga dalilin gaskiya. Shekarar da Mubi ta faɗi, 'yan daji sun kama yarinyar tana da shekara goma sha uku. Ta yi watanni a hannunsu. Wata uwar ɗalibi 'yar garinsu ta gane ta, ta kai wa mai makaranta. Mai makaranta ta kira ta ofis, ta ce iyaye ba za su yarda matar 'yan daji ta riƙe musu yara ba. Wannan shi ne wariya. Shi za mu tabbatar."

Jama'a, ku da kuke karanta wannan, ina so ku fahimci abin da mutumin nan ya faɗa kamar mai karanta labaran yanayi.

Tun ranar da sojoji suka kawo ta sansani muka gan ta a kan tabarma, ni da uwarta muka kulle bakinmu. Shekara goma da ɗoriya. Maƙwabtanmu na Jimeta, ce musu muka yi tana wurin gwaggonta a Garwa ta Kamaru a lokacin. Ƙannenta ma haka suka sani. Mun ga abin da aka yi wa 'yan matan da labarinsu ya fita. Ba a cin abincin hannunsu. Ba a zama kusa da su a islamiyya. Yara na bin su da suna a layi.

Wannan maganar ce aka shimfiɗa a gaban yara masu firfita da littafi.

"Yanzu mu raba ɗakin biyu," in ji Abednego. "Hagu lauyoyin malama, dama lauyoyin makaranta. Nahla, zo ki zauna nan, ke ce Malama Yusrah. Danny, kai ne lauyan makaranta. Yi mata tambayoyi, kada ka ji tausayinta."

Wata siririyar yarinya mai farin mayafi ta ce, "Oga, a sa wata mana."

"Ke na ce. Lauya ba ya zaɓen kujera."

Ta zo ta zauna, kanta a ƙasa.

Danny shi ne yaron da ya nuna ni da biro. Ya tashi ya gyara wuyan riga, ya sa hannu a aljihu kamar a fim.

"Malama, da kika nemi aiki, kin gaya wa makarantar inda kika yi watannin nan?"

"Ba a tambaye ni ba."

"Amma kin san iyaye za su so su sani."

Nahla ta ƙara sunkuyar da kai.

"Me aka koya miki a daji?"

"Ba komai."

"Watanni, ba komai? Ko waƙa ɗaya? Kin taɓa rera wa yaran aji biyu irin waƙar can?"

"A'a."

"Danny, kana zagaye," in ji Abednego. "Matsa. Lauyan makaranta ba zai yi mata ladabi ba."

Danny ya yi murmushi, ya matso kusa da kujerar.

"Malama, an ɗaura miki aure a can, ko ba haka ba? Ina angon yanzu? Yana kiranki?"

Wani daga dama ya ce, "Ko yana turo mata katin waya?"

Aka sake dariya. Ba kowa ba, amma da yawa.

"Yawwa," in ji Abednego. "Mugunta ce, amma haka za su yi. To, lauyoyin malama, a wace tambaya ya kamata ku miƙe ku ce ba ku yarda ba? Kuna zaune ana yanka wadda kuke karewa."

Ban san yadda na sauko daga tsanin ba. Na dai ga kaina tsaye tsakanin Danny da kujerar, sukurudireba a hannuna. Yaron ya ja baya.

"Baba, lafiya?"

"Maimaita tambayar."

"Wace?"

"Ta angon. Maimaita ta a gabana."

Abednego ya taso. "Baba, kwantar da hankalinka. Darasi ne muke yi, ba gaske ba. Wannan yarinyar lauya ce, ba abin da ya same ta."

"Na san ba abin da ya same ta. Wadda abin ya sama tana gida."

"Kana da 'ya?" na tambayi Abednego.

"Ina da biyu."

"Ka taɓa ajiye ɗaya a kan tebur ka ce yara su koyi yanka da ita?"

"Baba, ban gane ba. Kana da alaƙa da ƙarar ne?"

"Mai gyaran wuta. Ɗan Mubi. Kai ka faɗa da bakinka, yaronka ma ya nuna ni."

Danny ya cire hannu daga aljihu.

Abednego ya ajiye takardar hannunsa a hankali. In faɗi gaskiya, bai yi mini tsawa ba. Amma abin da ya faɗa ya fi tsawa ciwo.

"Ka yi haƙuri, ban san kana nan ba. Amma ka saurare ni. Haka ake horar da lauyoyi ko'ina. Ƙara ta gaske ce ke koyar da mutum. Ka'ida ita ce a canza suna, kuma na canza. Ba wanda aka tona wa asiri."

"Ka canza suna."

"Na canza."

"Ka bar aji biyu. Ka bar azumi. Ka bar Mubi. Ka bar sana'ata. Barista, nan Abuja ce? A Jimeta malamai nawa ne 'yan Mubi aka kora daga aji biyu da azumi, ubansu na gyaran wuta? Ka fita bakin titi ka tambayi mai Keke, zai kai ka har ƙofar gidana."

"Waɗannan bayanan shari'a na bukatar su."

"Shari'a na bukatar kati? Shari'a na bukatar ango?"

"Wannan yara ne suka wuce gona."

"Kai ka ce ya matsa."

Ya share gumi da hankici. "Baba, waɗannan duk lauyoyi ne. Sun yi rantsuwar riƙe sirri. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Kuma bari in gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Kafin ka sauko daga tsanin nan, ba wanda ya san ko wace ce Malama Yusrah."

Sunan nan. Ya sake faɗin sunan nan, kamar riga ce ya ara mata ya ga ta yi mata daidai.

Ku da kuka san al'adarmu kun san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ko daren da muke gudu a daji aka raba mu, "Adda" nake ta kira har muryata ta dushe. Adda ƙannenta ke ce mata, Adda nake ce mata.

"Ba Yusrah ba ce," na ce. "Sunanta Zulfa. Zulfa Hamman. 'Yata ce, ba darasi ba ce."

Haka ya fita. A gaban baƙi, da ƙarfi, har da sunana a jiki.

Yarinyar da ke kan kujerar shaida ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta na rawa.

"Oga," ta ce, "ba gaskiya ba ne cewa ba wanda ya sani. Ni na sani tun da ka ce aji biyu da azumi. Ɗan yayata a ajinta yake. Har yau yana tambaya yaushe Anti Zulfa za ta dawo. Shi ya sa na ce a sa wata."

"Me ya hana ki faɗa mini?" in ji Abednego.

"In faɗa a gaban kowa? In ce na gane ta, ai na gama tona ta."

Na juya na dube shi. "Ka ji? Mutum ɗaya ke nan da ta yi magana. Sauran da suka yi shiru fa?"

Ba wanda ya ɗaga kai.

A daidai nan ƙofa ta buɗe. Barista Edna ce, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu, tana cewa a yafe mata, ɗan sandan ya tsaya cin abinci. Sai ta gan ni. Maganar ta yanke a bakinta.

"Baba Hamman. Me kake yi a nan yau?"

"Fankarku nake gyarawa. Na ga ranar hutu ce, na ce in rage muku zafi."

Ta dubi fankar da ke reto a silin, ta dubi Nahla da ke kuka, ta dubi Abednego. Mace ce mai saurin ganewa.

"Zo mu fita waje mu yi magana."

"A nan aka yi, a nan za mu yi. Barista, ranar da na kawo ta, me kika ce mini?"

"Na ce ba zan bari maganar ta fita ba."

"Da izinin wa ta fita?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya sauka a kan teburin gaba. Akwai waya a can, an jingina ta da gorar ruwa, fuskarta na kallon ɗakin. Na gan ta tun ɗazu, na ɗauka caji take yi.

"Abednego, wayar can me take yi?"

"Kai tsaye nake ɗora darasin a intanet. Saboda 'yan'uwanmu na Mubi da Michika da Ganye. Tun lokacin rikici ba sa iya zuwa kowane wata, kin sani. Na ga bai kamata su riƙa rasa darasi ba."

"A wane shafi?"

"Na ƙungiyar lauyoyi matasa."

"Wanda aka kulle, ko wanda kowa ke gani?"

Ya ɗauko wayar ya duba. Na ga fuskarsa ta canza.

Edna ta fizge ta daga hannunsa ta kashe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Na ba ka ƙarar nan da sharaɗi. Na ce ƙofa a rufe, na ce ba waya, na ce ka cire garin da sana'ar uban. Wanne ka yi?"

"Na ga idan na cire garin, batun wariyar ba zai fito ba. Edna, niyyata alheri ce. Daga Abuja na taso da kuɗin motata."

"Ba wanda ya ce ba ka taso ba."

"Tun yaushe take a kunne?" na tambaya.

Abednego ya juya ya dubi Danny.

"Na ce tun yaushe?"

"Tun farko, Baba," in ji Danny, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na saita masa."

"Har lokacin da na faɗi sunanta?"

Ya gyaɗa kai.

Na zauna a matakin tsani na ƙasa.

Edna na ta latsa wayar. "Na goge shi daga shafin. Ba zai ƙara fitowa ba."

"Mutum nawa suka gani?"

"Ban sani ba."

"Sun rubuta wani abu?"

Ta kife wayar a tafin hannunta.

"Barista, ni ba yaro ba ne. Karanta mini."

"Na riga na goge, Baba."

"Amma kin gani kafin ki goge."

Ta sauke numfashi. "Wani ya rubuta, ai wannan Hamman mai wuta ne na Mubi, ashe 'yarsa ba Garwa ta je ba."

Mubi. Inda 'yan'uwana suke, inda dangin uwarta suke, inda kowa ke da ɗa ko 'ya a Jimeta. Kafin magariba maganar za ta shigo mota ta iso layinmu. Gobe ƙaninta zai je islamiyya yara su tarbe shi da ita.

Na miƙe.

"Na kawo muku 'yata domin an kore ta daga aiki ɗaya. Yanzu wace makaranta ce za ta ɗauke ta a jihar nan? Matar da ta kore ta ma, a ofis ta faɗa mata, ƙofa a rufe. Ku da kuka ce za ku kare ta, ku ne kuka yi mata shela."

"Laifinmu ne," in ji Edna. "Ba zan kare shi ba."

"Ku janye ƙarar. Yau. Ba ma so. Zan kai ta Garwar da gaske."

"Baba Hamman, ba zan iya janyewa da maganarka ba."

"Ni na kawo ta."

"Kai ka kawo ta. Amma ita ce ma'aikaciyar da aka kora, ita ce mai ƙara. Ita kaɗai za ta ce a janye."

"Ni ubanta ne."

"Na sani. Kuma ka tambaye ni da izinin wa na ba da ƙarar a yi darasi. Da izininta ne."

Na yi dariya. Ba ta daɗi ba.

"Yanzu kuma ƙarya za ki yi wa yarinyar? Adda da ko a gaban uwarta ba ta taɓa buɗe baki kan watannin nan ba?"

"A gabana ta buɗe. Ita ta zo ta same ni. Ta ce tana tsoron ranar kotu, tana tsoron lauyan makaranta ya jefo mata tambayar da za ta sa ta kasa magana. Ta ce gara ta ji mafi munin tambayoyin tun yanzu, ta san da me za ta haɗu. Na ce muna da darasin Asabar. Ta ce a yi da ƙararta, ko wasu lauyoyin su koyi yadda za su kare 'yan mata irinta."

"Ba ta gaya mini ba."

"Ta ce za ka hana."

"Da na hana. Kuma da na yi daidai, ga shi kin gani."

Na zaro wayata.

"Zan kira ta. Tana unguwar Adarawo wurin ƙawarta, da safe ta ce mini can za ta yini. Ki maimaita abin da kika ce tana ji."

"Kada ka kira, Baba."

"Saboda me? Kina tsoron ta ƙaryata ki?"

"Don Allah ka bari in fara shiga ciki tukun."

Ban saurare ta ba. Na danna.

Kiran ya shiga.

Sai na ji ƙarar waya a cikin gidan.

Na ɗauka kunnena ne. Na cire wayar daga kunne. Ƙarar na nan, tana fitowa daga ƙaramin ofishin Edna, wanda ƙofarsa ke bayan allon koyarwa. Ƙofar katako ce mai tagar iska a sama. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, wanda ke ciki ya ji shi.

Kowa ya juya.

"Na ce mata zan zauna tare da ita," in ji Edna a hankali. "Belin nan ne ya riƙe ni."

Ƙarar ta tsaya. Aka murɗa hannun ƙofa.

Adda ta fito da hijabinta ruwan toka. Idonta ja ne, amma a bushe. Ta ratsa tsakanin kujeru, lauyoyin suna janye ƙafa suna ba ta hanya. Danny ya manne da bango.

Na matsa in tare ta, in rufe ta da jikina, in fitar da ita daga ɗakin nan.

"Adda, zo mu tafi gida."

Ta tsaya a gabana ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Baba, na ji ka faɗi sunana."

"Kuskure na yi. Ban san ana ɗauka ba."

"Ban ce ka yi kuskure ba."

Ta wuce ni. Ta je kujerar shaida ta dafa kafaɗar Nahla.

"'Yar'uwa, tashi. Kin yi ƙoƙari. Kujerata ce."

Nahla ta tashi. Adda ta zauna, ta gyara hijabi, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa. Ta dubi Danny.

"Barista, ka yi tambaya ba a ba ka amsa ba. Ka tambayi ango."

"Anti, don Allah, ni wasa nake yi."

"Na ji lokacin da ake dariya. Ka dawo wurinka."

"Zulfa," in ji Edna, "ba yau ba. Ba dole sai yau ba."

"Mutanen Mubi sun ji rabi, Anti Edna. Sun ji na lauya, sun ji na mai kati. Ba su ji nawa ba."

Na ce, "Adda, ina roƙonki. Ki tuna uwarki. Ki tuna ƙannenki."

Ba ta kalle ni ba. Ta miƙa hannu ta nuna wayar da ke hannun Edna.

"A mayar da ita jikin gorar nan," ta ce. "A kunna."